PATH (kwamfuta)

PATH suna ne na wani jerin foldoji da kwamfuta ke ajiyewa domin ta san inda za ta nemo manhaja idan aka rubuta sunanta a matsayin umarni. Ana samunsa a tsarukan Unix, Linux, macOS da Windows. Manhajar da ke karɓar umarnin da aka rubuta, wadda ake kira shel, ita ce ke bin wannan jeri. Tana tsayawa ne a kan fayil na farko mai wannan suna da aka ba izinin aiki, saboda haka yadda aka jera foldojin shi ke yanke hukuncin manhajar da za ta tashi.

Tarihi

An fara gina Unix a shekarar 1969 a cibiyar Bell Labs da ke Amurka. Shel ɗin farko, wanda Ken Thompson ya rubuta, yana duba wasu ƙayyadaddun wurare ne kawai. A shekarar 1979 aka fitar da bugu na 7 na Unix ɗauke da shel ɗin Stephen Bourne, wanda ke karanta PATH, kuma kowane mai amfani na iya sauya jerin yadda yake so. Umarnin PATH ya shiga MS-DOS a bugu na 2.0 a shekarar 1983. Bash, wanda yawancin masu Linux ke aiki da shi, Brian Fox ne ya fitar da shi a 1989.

Yadda ake neman umarni

A Unix da Linux ana raba foldojin da ruwa biyu, misali /usr/local/bin:/usr/bin:/bin. A Windows kuwa waƙafi mai ruwa ake sa wa. Ana ganin jerin ta hanyar rubuta echo $PATH.

Bash ba ya zuwa PATH kai tsaye. Yana fara duba ko sunan laƙabi ne da aka ƙirƙira da alias, sannan ko wani aiki ne da mai amfani ya tsara, sannan ko umarni ne na cikin shel ɗin kansa, kamar cd. Idan duk babu, sai ya bi foldojin daga hagu zuwa dama. Idan akwai alamar / a cikin sunan, kamar ./gwaji, ba a yin bincike ko kaɗan, domin an riga an faɗi inda fayil ɗin yake. Idan ba a sami komai ba, shel yana mayar da lamba 127. Idan an samu amma ba zai iya aiki ba, lamba 126.

Bash yana kuma tuna inda ya sami umarni a baya. Shi ya sa wani lokaci, bayan an saka sabon bugun manhaja a wata folda, tsohon ke ci gaba da tashi har sai an rubuta hash -r.

Kayan gano umarni

Umarnin which yana nuna fayil ɗin da ya fara cin karo da shi a PATH, amma a yawancin tsaruka manhaja ce daban, don haka bai san laƙabobi da umarnin cikin shel ba. Shi kuwa type a cikin shel yake, yana faɗin ainihin abin da zai tashi, kuma type -a yana lissafa duk masu sunan. Ƙa'idar POSIX ta tanadi command -v, wanda ya fi dacewa da rubutattun jerin umarni. Umarnin whereis yana nemo manhaja tare da littafin bayaninta. A Windows akwai where da Get-Command.

Tsaro

Idan aka sa aya, wadda ke nufin foldar da mutum yake ciki, a farkon PATH, wani na iya ajiye mugun fayil mai suna ls a foldar da kowa ke iya rubutu a ciki, kamar /tmp. Duk wanda ya shiga wurin ya rubuta ls, mugun fayil ɗin ne zai tashi da ikonsa. Gurbin da aka bari babu komai a cikin jerin shi ma foldar da ake ciki yake nufi. Saboda wannan haɗari ne sudo ke da zaɓin secure_path, wanda ke ba umarnin mai kula da tsari nasa amintaccen jerin.