Gawo a ƙasar Damagaram: wa ke da ikon sara?

Manomin da ya ɗauki ƴan itace su sassabe masa gona a wajen Mirya ko Magarya yakan ja musu kunne tun kafin a ɗaga gatari: a sare sabara da kargo, a bar gawo. Wannan hani ya girmi jamhuriya.

Tarihin baka ya danganta shi da Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ne kuma ya kewaye birnin Zinder da ganuwa. An ce duk wanda ya sare gawo a zamaninsa, kansa ake sarewa, wanda ya datse reshe kuwa hannu yake rasawa. Ko an zartar da hukuncin sau da yawa ko tsoronsa kaɗai ya wadatar, fada ta san abin da take karewa. Gawo yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar taki. Masarautar da ke ciyar da dawaki da mayaƙa da hatsin haraji ba za ta yi wasa da irin wannan icce ba.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Dokar dazuzzuka ta 1935 ta sa itatuwa masu daraja ƙarƙashin hukuma, kuma dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta, gawo na cikin waɗanda aka haramta sarewa ba tare da takardar izini ba. A takarda kamar an ci gaba da hanin Tanimun ne. A gona kuwa abin ya juye. Iccen da ya tsiro a gonar mutum ya zama na ma'aikatan gandun daji, mai jawo tara in an taɓa shi, don haka manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya gan shi. Farin 1973 da na 1984 sun tarar da gonaki a tsiraice.

Bayan yunwar 1984 manoma suka soma barin tohon kututture da tsiron gawo suna yi musu aski, abin da ake kira sassaben zamani. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma Magarya da Matamai da Mirya na cikin wuraren da gawo ya fi yawa. Doka ce ta biyo baya, a makare: ta 2004 ta sassauta riƙon hukuma, sai a 2020 aka fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan iccen da ya raina da hannunsa.