Yadda Kwamfuta Ta Koyi Fitar Da Ciyawa

Duk wanda ya shiga gidan intanet a Maraɗi ko Yamai a zamanin da Windows XP ke tashe, ya san hoton nan: tudu ɗaya lulluɓe da ciyawa kore shar, da shuɗin sama, da fararen gizagizai. Ni da abokaina mun sha gardama a kansa muna jiran layi ya dawo. Ina cikin masu rantsuwa cewa zanen kwamfuta ne, don a ganina babu inda ciyawa za ta yi wannan kyau a bayan ƙasa. Ashe ni ne na faɗi. Hoto ne na gaske, wanda Charles O'Rear ya ɗauka a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ciyawa tana cikin abubuwan da suka fi ba kwamfuta wuya, kuma sai da masana suka yi shekaru suna fama kafin ta iya fitar da wadda ido zai yarda da ita.

Dalilin wuyar a fili yake. Kwamfuta tana gina siffar abu ne da ƙananan alwatika da take haɗawa gefe da gefe. Tebur ko bango ƴan kaɗan sun ishe su. Amma fili guda na ciyawa miliyoyin silla ne, kowane da tsawonsa da lanƙwasarsa, kowane yana yi wa na kusa da shi inuwa, haske yana ratsa shi, iska kuma ba ta barin sa ya tsaya. Ba mai zanen da zai zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya, kuma injunan wancan zamani ba su da cikin da zai riƙe su.

Hanya ta fara buɗewa ne daga duwatsu. A 1980 wani ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, Loren Carpenter, ya nuna ɗan gajeren fim mai suna Vol Libre, inda ake shawagi a kan tsaunukan da ba wanda ya zana su da hannu. Doka kawai ya ba injin: raba alwatika gida-gida, ka ɗaga ko ka sauke kowane yanki gwargwadon abin da ƙuri'a ta ba ka, ka sake maimaitawa. Kamfanin Lucasfilm ya ɗauke shi aiki, kuma a can ya zauna da William Reeves, mutumin da ciyawar kwamfuta ta samo asali daga hannunsa.

Abin mamaki, da wuta Reeves ya fara. A fim ɗin Star Trek II na 1982 ana son a nuna wuta tana mamaye wata duniya. Wuta ba ta da gefe balle a auna ta, sai ya ƙirƙiro abin da zan kira tsarin tartsatsi: injin ya watso dubban ɗige-ɗige, kowane da saurinsa da launinsa da tsawon ransa, ƙuri'a ce ke raba musu. Daga nan aka lura da wani abu. Tartsatsi idan ya tashi daga ƙasa, yakan yi sama, nauyi ya rinjaye shi ya lanƙwaso. To idan aka zana dukan hanyar da ya bi a matsayin layi ɗaya, aka shafa masa kore, me aka samu? Silin ciyawa. Da wannan dabara aka yi ciyawar da ke cikin hoton Road to Point Reyes na 1983, da dajin da ke cikin gajeren fim ɗin André da Wally B. na 1984, wanda sai da aka haɗa da babban injin Cray kafin a gama shi.

A 1985 Reeves da Ricki Blau suka bayyana yadda suka shawo kan inuwa. Lissafa inuwar kowane sili a kan kowane sili ya fi ƙarfin injin, don haka suka koma ga kintace: abin da ke can ƙasa cikin duhuwa ya fi yiwuwa yana cikin inuwa, sai a duhunta shi, na sama a haskaka shi. Ido bai gane an yi masa wayo ba. A wannan shekara ce kuma Ken Perlin ya wallafa lissafin da ake kira da sunansa, wanda ya gyara wani aibi na ƙuri'a. Ƙuri'a zalla takan ba da hargitsi, alhali a daji abin da ke kusa da juna yakan yi kama da juna: nan dogaye, can gajeru, tsakani kuma a hankali ake sauyawa. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta masu shirya Oscar a 1997.

Lissafi kaɗai bai kai su ba. Sashen nan na Lucasfilm shi ya zama Pixar a 1986, kuma da suka zo shirya A Bug's Life na 1998, fim ɗin da jarumansa tururuwa ne, sai suka ɗaura ƙaramar kamara a kan ƴan tayoyi suka tura ta cikin lambun da ke wajen ofishinsu. Nan suka ga cewa daga ƙasa, ganye da ciyawa haske suke yi kamar gilashi mai launi idan rana ta bugo su ta baya. Abu ne da kowane yaro mai kiwo ya sani, amma sai da suka durƙusa suka gan shi. Haka masu The Lion King na 2019 suka tafi Kenya suka ɗauko hotunan ƙasa da tsirrai, sannan suka gina dajin a kwamfuta. In ban da fitowar rana da aka buɗe fim ɗin da ita, duk abin da ke ciki ƙerarre ne. A 2020 wasan Ghost of Tsushima ya kai ga fitar da ciyawa sili-sili nan take, tana kaɗawa, har ɗan wasa na bin iska don ya san inda zai nufa.

Yadda abin ya iso hannun irinmu kuwa, ta hanyar Blender ne. Manhaja ce da Ton Roosendaal na ƙasar Holand ya ƙirƙira, kuma a 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka fanshe ta ta zama ta kowa. A 2008 aka shirya gajeren fim Big Buck Bunny, cikin manufofinsa har da inganta yadda take fitar da gashi da ciyawa.

Da ita na zauna wata rana don in sake gina fadamar da ke bayan garinmu, wadda gonaki da gine-gine suka cinye tun ina saurayi. Na bi darussan da na samu daki-daki, na kwana biyu injina yana zafi, na fito da fili kore mai sheƙi. Na kai wa kawuna, wanda ya yi rayuwarsa yana yankan ciyawa yana saƙar zana. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ciyawar ta wace ƙasa ce?"

Na ce, "Kawu, fadamarmu ce."

Ya girgiza kai. "Gamba ba ta fitowa a shimfiɗe kamar tabarma. Gindi-gindi take yi, da rairayi a tsakani. Ina kyasuwa? Ina ƙarangiyar da ke kama maka wando? Kuma wane wata ne wannan? In kaka ce, ai ta fara ja."

Sai na gane tudun nan na gidan intanet na sake zanawa ban sani ba. Darussan da na bi, da ma'aunan da na kwafa, duk an yi su ne a kan ciyawar ƙasashen da aka rubuta su. Injin ba shi da laifi. Abin da aka gaya masa shi ya shuka.

Damina ta gaba na bi kawu daji da littafi da waya. Ya nuna mini yadda gindin gamba ke buɗewa, yadda take wuce tsawon mutum idan ta samu ruwa, da yadda tsofaffin karare na bara ke tsaye a cikin sababbi. Na auna, na ɗauki hoto, na dawo na sauya dokokin. Da na sake kai masa, bai yaba ba, ba halinsa ba ne. Ya dai sa yatsa a wani gefe na hoton ya ce, "Nan ne muke ɗaure jaki."

Kawu ya tsufa, kuma yaran gidanmu ba su san fadamar ba. Sunayen ciyawa goma sha ɗaya na rubuta daga bakinsa. Huɗu kawai na gina zuwa yanzu.