Diyyar hatsarin haƙar ma'adinai: raunin da ido ba ya gani

Masu saurarenmu na Dungas da Magarya, da ƴan uwa mazauna waje, ga bayani kan wani rauni da ba a cika lissafawa ba idan rami ya rufta ko inji ya yi ɓarna. Mutum zai fito ba karaya ba jini, amma barci ya ƙaurace masa, ƙara kaɗan ta firgita shi, ya kasa komawa bakin aiki. A gida mukan ce tsorata ya yi, ko iska ta taɓa shi. Likitoci kuwa ciwo suka ɗauke shi, kuma tun 2010 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aiki ke jawowa.

A nan Nijar, ana haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR, wanda aka kafa a 1975, ke samar da lantarki da shi. Ma'aikaci mai rajista, irin na can, yana ƙarƙashin asusun CNSS. Kamfani ne ke zuba kuɗin inshorar hatsari, ba a cirewa daga albashi. Idan aka amince hatsarin aiki ne, asusun na biyan magani, da rabin albashi a kwana 28 na farko, sannan kashi biyu cikin uku har a warke. In nakasa ta dore, likita ke auna girmanta.

To amma fa takarda ce ke magana. Wajibi ne kamfani ya sanar da hatsari cikin awa 48. Shi kuma ma'aikaci ya ga likita da wuri, ya faɗi komai har da mafarkai da faɗuwar gaba, a rubuta. Ciwon da ya bayyana bayan watanni ba tare da shaida ba, da wuya a danganta shi da hatsarin. A adana takardun likita da sunayen waɗanda suka shaida. In kamfani ya yi shiru, a je wurin sufeton ƙwadago.

Ƴan uwanmu da ke aiki a Najeriya, ku sani dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci damuwar ƙwaƙwalwa ƙarara, kuma asusun NSITF ne ke biya.

Saura yaranmu masu tafiya haƙar zinariya Jado ko Ɗan Isa, inda rami ya hallaka aƙalla mutum 18 a Nuwamba 2021. Galibinsu ba kwangila ba rajista, don haka ba asusun da zai biya su. Idan naku ya dawo shiru-shiru, ba ya barci, kar a ce masa rago. A haɗa addu'a da zuwa asibiti. Mai shirin kama aiki a kamfani kuma ya nemi lambarsa ta CNSS tun ranar farko. Allah ya tsare mana su.