Masarar kaji da ta faɗa tukunyar mutane

Kaji goma sha biyu nake kiwo a bayan gida a Maraɗi, ƙwansu ne yarana ke ci kafin su tafi lakwal. Makon jiya na tambayi mai sayar mini da abincinsu ko masarar da ke cikin buhun OGM ce, wato irin wadda aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai kaza ce za ta ci, ba kai ba." Amsarsa ta tuna mini cewa wata babbar hukuma ta taɓa yin irin wannan lissafi, kuma bai fita ba.

A 1996 ne manoman Amurka suka fara noma waken soya da masara na OGM don kasuwa. Masarar an sa mata ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt, sai tsiron ya riƙa fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa mai huda kara. A 1998 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta amince da wani iri mai suna StarLink, amma bisa sharaɗi: a ba dabbobi, kada mutum ya ci. Dalili kuwa, sinadarin da ke cikinsa ba ya saurin narkewa a ciki, ana tsoron ya jawo wa wasu borin jini.

Sharaɗin ya tsaya a takarda. A watan Satumba na 2000 aka gano StarLink cikin wani abincin garin masara da ake sayarwa a kantuna. Gonakin da aka shuka shi ba su kai ɗaya cikin ɗari na masarar Amurka ba, duk da haka sai da aka janye kayan abinci fiye da iri 300. Har Japan ta same shi cikin masarar da ta sayo. Ba wani asiri: mota ɗaya ke ɗauka, rumbu ɗaya ke ajiyewa, iska kuma tana kai garin bununi gonar maƙwabci. Kamfanin Aventis ya janye irin. Binciken hukumar lafiya a 2001 bai tabbatar ya cutar da kowa ba, amma hukuma ta daina ba da izinin "na dabbobi kaɗai".

Shekara biyu bayan haka, ana cikin yunwar 2002, shugaban Zambiya Levy Mwanawasa ya ƙi karɓar taimakon masarar OGM. Zimbabuwe da Mozambik sun karɓa, da sharaɗin a niƙa ta tukuna don kada a shuka. A 2003 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta OGM a jikin buhun abincin dabbobi, ko da yake ba a rubutawa a kan ƙwai, nono ko nama.

Yanzu maganar ta iso ƙofarmu. Burkina Faso ta noma audugar Bt daga 2008, ta bar ta a 2016 saboda zarenta ya gajarce. Najeriya ta saki waken Bt a 2019, sannan masarar TELA a 2024, kuma kowa ya san ta inda hatsi ke shigo mana: Jibiya, Ɗan Isa, sai kasuwar Maraɗi.

Ba ina cewa ƙwan kajina guba ne ba. Shekaru kusan talatin ana ciyar da dabbobi wannan hatsi, bincike bai nuna ya ɓata ƙwai ko nama ba. Abin da ke damuna shi ne rashin sani. Amurka mai manyan rumbuna da takardu ta kasa raba masarar dabba da ta mutum, balle mu da tiya guda ke auna ta tuwo da ta kaji, abin da ya rage kuma a ajiye shi iri don damina.

Don haka nake roƙon iyaye da malamai ƴan'uwana mu koya wa yara tambayar inda abinci ya fito, mu kuma nemi hukuma ta sa a rubuta abin da ke cikin buhu. Wanda ya ga dama ya saya, wanda bai so ba ya bari, amma kowa ya san abin da ya kai gida.