Wasan kwaikwayo a arewacin ƙasar Zazzau

An fi sanin ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, da ke arewacin jihar Kaduna, da noman rake da tumatir da masara. Sai dai yankin yana da nasa rabo a tarihin wasan kwaikwayon Hausa, wanda tun asali ake yin sa don gyaran hali ta hanyar ba'a da raha.

Tun kafin zuwan Turawa yara ke yin tashe daga goma ga watan azumi, suna bin gida-gida suna kwaikwayon malami ko mai rowa ko gwauro. Da kaka kuma samarin ƙauyuka su yi kalankuwa, inda suke naɗa sarkinsu da alƙalinsu, su yi shari'ar wasa a bainar jama'a. Abin da ba a iya gaya wa babba ido da ido, a nan ake faɗarsa, a yi dariya a watse.

Mutumin da ya fi ɗaga sunan yankin a wannan fage shi ne Malam Shu'aibu Maƙarfi. Wasanninsa sun fara ne a rediyo a Kaduna kafin su zama littafi. A 1959 aka buga "Zamanin Nan Namu", wanda ya ƙunshi wasanni biyu, "Malam Maidala'ilu" da "'Yar Masu Gida", daga baya kuma "Jatau Na Kyallu" ya biyo.

Na biyun labarin wani mai hali ne, Jatau, da ya auri karuwa mai suna Kyallu, gidansa ya watse, dukiyarsa ta salwanta. Jigon ba baƙo ba ne ga kowa. Abin da ya sa littafin ya daɗe a hannun ɗalibai shi ne harshensa: habaici da gatse da karin magana irin na zaure da bakin kasuwa, waɗanda marubucin ya sa a bakin mutanensa ba tare da ya goge musu kaifi ba.

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, ta ɗauko abin ta wata fuska. A tsakiyar shekarun 1970 aka soma koyar da wasan kwaikwayo a can, aka kuma gina dandalin wasa da jar ƙasa bisa tsarin gidan Bahaushe. Malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa suka riƙa kai ɗalibai ƙauyuka, ciki har da Soba a 1977 da Maska a 1979. Sukan zauna da manoma su ji kukansu game da taki da bashi da gonaki, sa'an nan su shirya wasa a kai, a nuna a dandalin garin. Oga Steve Abah ya ci gaba da wannan aiki a shekarun da suka biyo baya.

A fannin zane ma Zariya ce cibiya. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a haɗa dabarun Turai da fasahar gida. Akasarinsu 'yan kudu ne, kuma magina na birni sun daɗe suna zana dagi a fuskar soraye kafin wannan lokaci.

Fim kuwa ya shiga karkara ne ta hanyar majigi, motar gwamnati da ke nuna finafinan faɗakarwa irin su "Baban Larai". Talabijin ta fito da 'yan wasa kamar Ƙasimu Yero, mutumin Zariya, wanda ya rasu a 2017. Bayan fitowar "Turmin Danya" a Kano a 1990, kaset ɗin bidiyo ya kai wasan har cikin ɗakunan mata, kuma masu kallo suka fara juya wa dandali baya.

A yau yawancin matasan yankin a wayar salula suke kallon finafinan Kannywood. Tashe bai mutu ba, amma yana shan matsi: a Kano mai maƙwabtaka 'yan sanda sun sha hana shi a 'yan shekarun nan, suna masu cewa ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwacen wayoyi.