Na'urar gem ta hannu da wayar salula: yadda gasar take daga Kyoto zuwa Maiwurno

Na'urar gem ta hannu ita ce ƙaramar na'urar da aka ƙera don wasa kawai: fuskarta, maɓallanta da batirinta duk a jiki ɗaya suke, mutum ya riƙe ta da hannu biyu ya yi wasa ba sai ya jona ta da talabijin ba. Tun da manyan wayoyi suka yaɗu ake ta tambayar ko irin wannan na'ura tana da sauran kasuwa. A Japan da Amurka da Turai an ga amsar a alƙaluman ciniki. A ƙauyukan Hausawa na Jazira da Blue Nile a Sudan kuwa, amsar ta bi ta wata hanyar, domin abin da ya raba gardamar a can shi ne wuta, da kuɗi, da kuma aikin da waya ke yi wa gida baki ɗaya.

Asalin gasar

Kamfanin Nintendo na birnin Kyoto ne ya kafa wannan kasuwa da Game Boy a 1989. Fuskarta ba ta da launi, batir huɗu take ci, amma tana daɗewa kafin su mutu, kuma wasan Tetris ya sa manya ma suka kama ta. Idan aka haɗa da Game Boy Color da ta biyo baya, an sayar da fiye da miliyan 118. A 2004 Nintendo ya fito da DS mai fuska biyu, wadda aka sayar da kusan miliyan 154, a shekarar ce kuma Sony ya fito da PSP a Japan.

Waya ta fara shigowa ne a hankali. Wasan maciji na Nokia ya bayyana a 1997, kuma duk wanda ya riƙe ƙaramar Nokia a Kano ko Maraɗi ko Wad Madani ya san shi. Nokia ya gwada haɗa waya da na'urar gem a jiki ɗaya da N-Gage a 2003, abin bai karɓu ba. Sauyin gaske ya zo ne da iPhone a 2007, da shagon manhajojin Apple a 2008, sai wayoyin Android masu araha da suka biyo baya. Daga nan wasa ya zama abin da ake saukewa kyauta ko da kuɗi kaɗan, a kan na'urar da mutum ya riga ya mallaka.

Sony ne ya fara jin jiki. PS Vita da ya fitar a 2011 ba ta kama ƙafar PSP ba, aka daina ƙera ta a 2019. Nintendo 3DS, ita ma ta 2011, ta tsaya a wajen miliyan 75, wato rabin abin da DS ta yi. A lokacin masu sharhi da yawa sun ɗauka an gama da na'urar hannu. Sai ga Switch a watan Maris na 2017 a kan dala 300, wadda ake riƙewa a hannu kuma ake jonawa da talabijin, ta zarce miliyan 150. Kamfanin Valve ya fito da Steam Deck a 2022, Switch 2 kuma ta fito a watan Yunin 2025 a kan dala 450.

Abin lura shi ne yadda suka tsira. Nintendo bai mayar da na'urarsa filin ƙananan wasannin kashe lokaci irin na waya ba. Ya bar mata wannan, ya koma ga manyan wasanni irin su Mario da Zelda da ba a samun cikakkunsu a waya, ga masu saye da za su iya biyan dala 60 kan wasa guda. Duk da haka wasannin waya ne ke kawo kusan rabin kuɗin da masana'antar gem ke samu a duniya. Wato na'urar hannu ta rayu ne a matsayin na'ura ta biyu, a gidan da akwai waya kuma akwai rarar kuɗi.

Ƙasar da na'urar ba ta taɓa shiga sosai ba

Hausawa da Fulanin Sudan, waɗanda ake haɗa su da sunan Fallata, sun daɗe a kan hanyar Makka. Garin Maiwurno da ke bakin kogin Blue Nile, kudu da Sinnar, ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya jagoranci masu hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, mutanen Yammacin Afirka suka zama ginshiƙin ƙwadagon gonakin. Wasu sun kafa ƙauyuka a bakin kogi har zuwa Rusairis da Damazin, wasu kuma suka zauna a sansanonin leburori da ake kira kanabi, waɗanda har yau da yawansu ba su da wutar lantarki ko ruwan famfo, alhali madatsun da ke ba ƙasar wuta suna kan kogin da ke kusa da su.

A irin wannan wuri Game Boy da PSP tsaraba ce, ba kayan kanti ba. Sai wanda ɗan'uwansa ke aiki a Saudiyya ko Dubai ya ga irinsu. Wadda yara suka fi sani a kasuwannin Afirka ita ce ƙaramar robar nan ta China mai wasan jera bulo, da ake rubuta wa Brick Game, mai cin batir biyu. Akwai kuma dalilin siyasa. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin kasuwanci a 1997, wanda ya toshe manhajoji da hanyoyin biyan kuɗi na ƙasashen waje. An sassauta shi kan kayan sadarwa a 2015, aka ɗage mafi yawansa a watan Oktoban 2017, sannan aka cire Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci a watan Disambar 2020. Shekarun da DS da PSP ke tashe, ɗan Sudan ba shi da katin bankin da zai sayi wasa ta intanet. Kafin ƙofar ta buɗe, wayoyin Tecno da itel da Infinix da Samsung sun riga sun cika kasuwa.

Saboda haka a nan ba za a ce waya ta ƙwace wa na'urar hannu kasuwa ba. Fili ta tarar babu kowa, ta zauna. Abokin hamayyarta na gaske shi ne gidan gem, inda mai janareta ke ajiye talabijin da PlayStation, matasa su biya kuɗin wasa ɗaya su buga ƙwallo. Wannan tsari, da ake gani daga Kano har Yamai har garuruwan Sudan, ya magance matsalar tsada ta hanyar raba na'ura ɗaya ga unguwa guda. Na'urar hannu kuwa an yi ta ne don mutum ɗaya, wanda shi ne babban aibinta a wurin da komai na tarayya ne.

Abin da waya ta fi da shi

Na farko shi ne farashin wasan kansa. PUBG Mobile da ya fito a 2018 ya karɓu ƙwarai a wajen matasan Sudan, Free Fire kuma an ƙera shi ne don ya yi aiki a wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Dukkansu kyauta ake sauke su; kamfanonin na samun kuɗi ne daga kayan ado da sauran abubuwan da ake saye a cikin wasan. Tun da ba kowa ke da katin ƙasar waje ba, sai aka samu 'yan tsakiya masu sayar da kuɗin cikin wasa a fam ɗin Sudan. Ga kuma Ludo King, wanda ya ɗauko wasan ludo na tabarma ya mayar da shi cikin waya, har mutum huɗu su yi a kan fuska ɗaya.

Na biyu ya fi ban mamaki: waya ta haɗiye tsofaffin na'urorin. Manhajar PPSSPP, da wani ɗan Suwidin mai suna Henrik Rydgård ya fitar a 2012, tana sa wayar Android ta kwaikwayi PSP. Matashin da bai taɓa riƙe PSP ba yana buga ƙwallon PES na PSP a wayarsa, ya karɓi wasan daga wayar abokinsa ko wajen masu tura fina-finai a memori ba tare da ya ƙona data ba. Ita manhajar halas ce a doka, amma yawancin wasannin da ke yawo haka kwafi ne da ba a biya masu su ba.

Abin da waya ta gaza a kai ma sananne ne. Gilashi ba ya maye gurbin maɓalli, yatsa na rufe rabin fuska, ƙaramar waya na zafi idan wasa ya yi nisa, balle a zafin Jazira. Tallace-tallace na katse wasa, kuma wasannin kyauta an tsara su ne don su ja mutum ya riƙa kashe kuɗi kaɗan-kaɗan. Iyaye da malamai na da hujja idan suka yi ƙorafi a kan wannan: na'urar gem ba ta da TikTok a ciki, waya kuwa idan aka miƙa wa yaro, an miƙa masa duniya ne gaba ɗaya.

Bayan yaƙi ya ɓarke

Rikicin ƙabilanci na Blue Nile a watannin Yuli da Oktoban 2022 ya raba dubban Hausawa da gidajensu a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi. Sai yaƙin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. RSF ta kama Wad Madani a watan Disambar 2023, ta kama Sinja a tsakiyar 2024. Sojoji suka ƙwato Sinja a watan Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a watan Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci makarantu da yawa a rufe suke.

Yaƙin ya sauya matsayin waya. Manhajar Bankak ta Bankin Khartoum ta zama aljihun jama'a: da ita ɗan'uwa a Jidda ke turo kuɗin abinci, da ita ake biyan mai kanti idan takardar kuɗi ta yi wuya. Sauya takardun fam 500 da 1000 da aka yi a ƙarshen 2024 ya ƙara tura mutane ga biya ta waya. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, kuma a Jazira katsewar ta daɗe. Mutane suka koma ga na'urorin Starlink da aka shigo da su ta bayan fage, suna biyan kuɗin awa don su karɓi kuɗi ko su ji muryar dangi. Waya kuma tana cikin abubuwan da aka fi ƙwacewa a hanya da cikin gidaje.

A nan ne lissafin ya juya. Wayar da ke riƙe da kuɗin gida, wadda ake kai ta shagon mai sola a biya a yi mata caji, ba abin da za a bar wa yaro ya cinye batirinta ba ne. PUBG da Free Fire kuma ba sa motsi idan babu intanet, kuma ba wanda zai sayi awar Starlink don harbe-harben wasa alhali yana jiran saƙon kuɗi. Abin da ya ba waya nasara, wato yin aiki goma a jiki ɗaya, shi ne ya sa ta fi ƙarfin wasa a lokacin ƙunci. Wasannin da suka rage su ne waɗanda ba sa buƙatar layi, da kuma na da: ludo, karta, dara da ƙwallon fili.

Wace na'ura ce za ta iya shiga?

Ba Switch 2 ba ce, ba kuma Steam Deck ba. Ɗaruruwan daloli kafin a sayi wasa ko ɗaya, a ƙasar da darajar fam ta zube tun farkon yaƙi, magana ce ta 'yan ƙalilan. Steam Deck ma tana shan caji cikin 'yan sa'o'i, tana kuma son intanet mai ƙarfi don sauke wasanni masu nauyi. Idan ta lalace, mai gyaran waya na kasuwa ba shi da kayanta, alhali fuskar Tecno ko batirin itel ana samunsu a kowane gari.

Wadda ke da ɗan fili ita ce ƙananan na'urorin China irin na Anbernic da Miyoo da wadda ake kira R36S. Suna zuwa da tsofaffin wasanni a cikin memori, ba sa buƙatar layi ko katin banki, ana yi musu caji da wayar caji irin ta salula, kuma masu arahar cikinsu ba su kai kuɗin sabuwar wayar Android ba. Matsalarsu ita ce ingancin wasu bai taka kara ya karya ba, jabu sun yi yawa, wasannin cikinsu galibi ba su da izinin masu su, kuma da Turanci ko Japananci suke, ba Larabci balle Hausa. Ga magidancin da ke da waya ɗaya da yara biyar, amfanin irin wannan na'ura shi ne ta raba yaran da wayar. Sai dai ko a nan ɗin tana da kishiya: tsohuwar wayar Android da aka cire wa layi, wadda wani yaya ya bari bayan ya sayi sabuwa. Tana ɗaukar PPSSPP da Ludo King, tana nuna fim, ana sa mata karatun Alƙur'ani, kuma ba a kashe ko fam ɗaya wajen sayenta ba.