Tsohon kare

Tsohon kare shi ne wanda ya haura kimanin shekara bakwai, ƙarfinsa ya fara raguwa. Yawancin karnuka suna rayuwa shekara 10 zuwa 13. Alamomin tsufansa sun haɗa da ciwon gaɓoɓi, yanar ido, raunin ji da zubewar haƙora.

A ƙasar Hausa

A karkara, kamar ƙauyukan Kankiya da Kusada a Jihar Katsina, don aiki ake ajiye kare: gadi, farauta da rani, da rakiyar garken makiyaya. Malaman fiƙihu sun halatta ajiye shi don farauta da tsaron gona ko dabbobi. Idan tsufa ya hana shi aiki, wasu kan yasar da shi, ya koma yawon juji da bakin mahauta.

Sama masa gida

A Ingila akwai gidajen karɓar yasassun karnuka, kamar na Battersea a Landan, wanda aka kafa a 1860. A ƙauyukan Hausa kuwa, hannu da hannu ake miƙa kare ga maƙwabci ko mai gona. Wanda ya karɓi tsoho zai tanadar masa inuwa, ruwa, abinci mai laushi, ya riƙa cire masa kaska, ya kai shi wurin likitan dabbobi.

Haɗarin yasarwa

Yasasshen kare ba ya samun allurar rigakafin ciwon haukan kare. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke ɗaukarta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, Jihar Filato, tana haɗa wannan allura.